Yadda Ake Gyara Daɓen Motar Lotus Elise da Ire-irenta Idan Tsatsa Ta Fara Cin Sa

Mutane da yawa sun ɗauka alminiyom ba ya tsatsa. Yana yi, sai dai tasa ba ja ba ce irin ta ƙarfe. Fara ce, kamar an barbaɗa garin alli, kuma idan ka goge garin sai ka tarar da ƙananan ramuka a ƙarƙashi. Masu Lotus Elise a Ingila sun san wannan tun farkon shekarun 2000, lokacin da suka fara ɗaga tabarmar robar da ke wurin ajiye ƙafa suna ganin daɓen motar ya yi fari fat, wasu ma har ya ɓule.

Elise ƙaramar motar gudu ce mai kujera biyu da aka fara sayarwa a 1996, an kuma riƙa haɗa ta a Hethel da ke yankin Norfolk a Ingila har zuwa 2021. Shasinta ba walda aka yi masa ba. Sassan alminiyom ne aka manne da gam mai ƙarfi da ake gasawa a tanda, aka ƙara da ribit, kuma duka shasin bai wuce kilo 68 ba. Irin wannan ginin ne a jikin Exige da Vauxhall VX220 da Opel Speedster, don haka bayanin nan ya shafe su duka.

Tabarmar robar ce ta jawo matsalar. Direba ya shigo da jiƙaƙƙen takalmi a lokacin sanyi, ga gishirin da ake watsawa a titunan Ingila don narkar da ƙanƙara, ga rufin motar mai yoyo. Ruwan gishiri ya shige ƙarƙashin roba, iska ba ta kai masa balle ya bushe. Abin da ke kare alminiyom wata siririyar fata ce da yake yi wa kansa idan ya haɗu da iska. Inda babu iska kuma akwai gishiri, fatar nan ba ta warkewa, sai ci ya kama.

Kamfanin Lotus ya ce cin na sama-sama ne, bai taɓa ƙarfin shasi ba. Maganin da dillalansa suka riƙa yi shi ne cire robar, wanke wurin, manna sabon siririn fallen alminiyom a kan daɓen da ya ci, sannan a sa tabarmar da iska ke ratsawa. A ganina sauya tabarmar nan shi ne ainihin gyaran. Fallen kuwa yana da kyau idan an tsabtace abin da ke ƙarƙashinsa da gaske. Idan an manna shi a kan datti, rufa-rufa ce kawai, cin na ci gaba inda ido ba ya gani. Hanyar da zan nuna maka ta bi wannan tsarin, tare da ƙarfafa wuraren da na ga ana yi wa sakaci.

Kayan aiki

Sifana da soket na kwance kujera, da man sassauta noti.
Abin kankara na roba ko na katako. Tsohon katin banki ma yana yi.
Soson goge ƙarfe na nailan, irin Scotch-Brite, ja ko ruwan toka.
Samfefa mai lamba 180 da 320.
Ƙaramin buroshi mai gashin sitenles, wato farin ƙarfen da ba ya tsatsa, sabo, wanda bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba.
Ruwan wanke alminiyom mai sinadarin fosforik.
Asiton ko giyar goge-goge ta asibiti, da fararen tsummoki masu tsabta.
Fentin farko na alminiyom, wato firamar ifoksi mai haɗi biyu, ko firama mai kama ƙarfe.
Fallen alminiyom mai kaurin kusan milimita 1, idan aikin ya kai ga haka. Samfurin 5052 ko 5251 ya fi jure ruwan gishiri.
Gam ɗin manna gilashin mota, irin Betaseal ko Sikaflex, da bindigar matsa shi.
Kwali, almakashin yankan kwano, fayil, salatif ɗin fenti, buhunan yashi ƙanana.
Tocila mai haske sosai, safar hannu ta roba, tabarau, da takunkumin da ke tare tururin fenti.

Abubuwa uku kuma ka kawar da su daga kusa da motar tun kafin ka fara: injin walda, buroshin waya na baƙin ƙarfe, da sodar sabulu. Dalili na nan tafe.

1. Cire batir da kujeru

Ka fara da cire igiyar batir ta baƙi. Sannan ka fesa wa notunan kujera mai, ka ba su lokaci su sha. Noti na ƙarfe da ya daɗe cikin alminiyom yakan kama ƙam. Idan ya ƙi, kada ka sa dogon bututu ka danna da ƙarfin tsiya, zaren da ke cikin shasin ne zai tafi, kuma gyaransa ya fi abin da ka zo yi wuya. Ka ƙara mai, ka ɗan ɗaure shi kaɗan, ka sassauta, ka maimaita. Kada ka gasa shi da wuta.

Ana iya aikin ba tare da cire kujera ba, amma cikin Elise ƙunci ne da shi, ga dokin ƙofa mai faɗi da tsawo. Bayanka zai gaya maka. Cire rufin ma ka ajiye gefe, haske da iska su shigo.

2. Ɗaga tabarma

Idan manne take, ka kama kusurwa ka ja a hankali, kana tura abin kankara na roba a ƙarƙashi. Kada ka sa sukundireba ko wuƙa. Daɓen yana da wata kariya da aka yi masa da lantarki tun a masana'anta, kuma duk inda ka karce ta ka buɗe sabuwar ƙofar ci. Ragowar gam a jiƙa tsumma da asiton a ɗora masa ya yi laushi. Ka kula kada asiton ya zuba a layin gam ɗin shasi ko a jikin robobin cikin mota.

Robar da ka cire, ka jefar. Kada ka ce za ka wanke ta ka mayar.

3. Wanki da bushewa

Ruwan ɗumi da sabulun wanke mota mai laushi, da soso. Manufar ita ce fitar da gishiri, don haka ka ɗauraye sau da yawa da tsumma kana matsewa a bokiti, kana sauya ruwa. Ba a sa tiyo a cikin motar nan. Kada ka yi amfani da sodar sabulu ko maganin wanke tanda ko mai ƙarfin nan na wanke inji: soda tana narkar da alminiyom, za ka ga yana kumfa yana yin baƙi a gabanka. Garin sabulun wanki ma ba na so, yana barin gishirinsa a lunguna.

Ka bar wurin ya bushe sarai. Fanka ta isa.

4. Duba girman ɓarnar

Nan ne ake yanke shawara, don haka kada ka yi gaggawa. Ka kwantar da tocila a daɓen yadda haskenta zai bi ta gefe, ramuka za su fito da inuwarsu. Ka bi da farce. Sannan ka ɗauki abu mai tsini na sitenles ka taɓa cikin manyan ramukan a hankali, ka ji ko ƙasansu na da tauri ko yana burmawa. Daga nan ka sa tocilar a ƙarƙashin mota, ka rufe gareji ya yi duhu, ka leƙa daga ciki. Duk inda haske ya ɓullo kamar tauraro, huda ce. Ka zagaye ta da alƙalami.

Idan za ka ɗaga motar, ka nemi wuraren sa jak da littafinta ya nuna. Ƙarƙashin Elise shafaffe ne, kuma wanda ya sa jak a tsakiyar daɓe zai lotsa shi nan take. Nauyinta ya fi yawa a baya saboda injin yana bayan kujeru, sai a kula kada ta sulluɓe.

Abin da za ka gani ɗaya ne cikin huɗu. Na farko, tabo fari da ɗan kaushi, babu rami: wanki da firama sun isa. Na biyu, ramuka amma ba su ɓule ba: a tsabtace, a shafa firama, sa falle kuma zaɓi ne, ko da yake ina son sawa idan ramukan sun yi yawa a inda diddige ke zama. Na uku, huda nan da can a tsakiyar daɓe: dole a sa falle. Na huɗu, cin ya kai layin gam inda daɓe ya haɗu da manyan sandunan gefe, ko ka ga gam ɗin yana ɗagowa, ko cin ya kama wurin ɗaure kujera da bel. Idan ka ga na huɗun, ka ajiye kayan aiki ka nemi wanda ya ƙware a kan shasin Lotus. Wannan ya wuce aikin gida, domin gam ɗin ne ke riƙe da motar.

5. Cire cin

Ka zagaye wurin da salatif don kada ka goge lafiyayyen daɓe a banza. Fara da soson nailan. Inda ya gagara, samfefa 180, sannan 320. Cikin ramuka kuma buroshin sitenles, kana juya shi har sai farin garin ya ƙare, ƙarfe mai ƙyalli ya bayyana a ƙasan kowane rami. Kowane ɗaya. Rami guda da aka bari da gari a cikinsa zai ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin fenti.

Ga dalilin hana buroshin baƙin ƙarfe da soson ƙarfe na wanke tukunya. Suna barin ɓurɓushin ƙarfe a cikin alminiyom. Ƙarfe biyu mabambanta idan suka haɗu da danshi sai su zama ƙaramin batir, kuma alminiyom ne ke cinyewa. Bayan 'yan watanni wurin zai fi da lalacewa. Haka samfefar da aka riga aka goge bodin ƙarfe da ita, kada ta zo nan.

Giranda ma ba ta da wuri a aikin nan. Daɓen siriri ne, kafin ka ankara ta cinye rabinsa. Manufa a cire cin, ba a shafe ramin ya zama daidai da sauran daɓe ba. Hannu ya fi. Ka sa takunkumi, ka kwashe ƙurar da injin shara ko jiƙaƙƙen tsumma.

6. Wankin sinadari

Ka shafa ruwan fosforik da ƙaramin buroshi, ka bar shi 'yan mintocin da aka rubuta a jikin kwalbar, kana ɗan gogawa da soso. Kada ya bushe a wurin. Ka ɗauraye da ruwa mai tsabta har sau uku ko fiye, ka tsane.

Ga gwaji mai sauƙi: zuba ɗan ruwa a wurin. Idan ya bazu ya kwanta shimfiɗe, wurin ya tsabtata. Idan ya dunƙule ya zama ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo, sai a sake.

Masu gyaran jiragen sama suna bin wannan da wani ruwa mai suna Alocrom 1200 ko Alodine, wanda ke bar wa alminiyom launin ruwan zinariya kuma yana sa fenti ya kama sosai. Yana aiki ƙwarai, amma gubar da ke cikinsa tana iya jawo ciwon daji, kuma ba a zubar da ragowarsa a kwata. Idan ba ka saba da shi ba, ka bar shi. Idan ruwan fosforik ɗin ma bai samu ba, ka tsawaita gogewar hannu, ka share da asiton har farin tsumma ya daina ɗaukar baƙi, ka wuce zuwa firama.

7. Firama

Alminiyom yana sake yin fatarsa cikin ɗan lokaci, kuma fenti ba ya son tsohuwar fata. Saboda haka ranar da ka goge, ranar za ka shafa firama, da zarar wurin ya bushe. Kada ka goge yau ka ce sai jibi.

Ifoksi mai haɗi biyu ta fi, don ba ta barin ruwa ya ratsa. Ka auna haɗin daidai yadda gwangwanin ya ce, ba da ido ba. Shafi biyu sirara, kana danna bakin buroshi cikin ramuka don kada iska ta maƙale a ciki. Firama mai kama ƙarfe ta gwangwanin fesawa za ta iya maye gurbinta, amma ita sai an bi ta da fenti a sama, ba ta tsayawa ita kaɗai. Jan fentin tsatsa da ake shafa wa ƙofar ƙarfe da gadon tifa ba na alminiyom ba ne. Fila kuma, wadda fanalbita ke cike lotsawa da ita, tana shan ruwa, ga daɓe yana motsi ƙarƙashin ƙafa. Za ta tsage ta zama sabon maɓoyar danshi.

Idan ɓarnarka ita ce ta farko cikin huɗun da na lissafa a lamba 4, ka tsallaka zuwa lamba 10.

8. Yanka falle

Ka yi samfuri da kwali tukuna, ka gwada shi har ya zauna ba tare da ya hau kan gefe ko kan ribit ba. Ka bar tazarar milimita 2 zuwa 3 a kewaye, wurin da gam zai cike. Sannan ka zana a kan alminiyom, ka yanka, ka bi bakin da fayil, ka zagaye kusurwoyi. Ka gwada shi a busasshe. Idan yana rawa ko ya yi doro, ka daidaita shi tun yanzu, gam ba ya gyara karkataccen falle.

Falle mai kariyar lantarki irin ta masana'anta ya fi. Idan babu, ka goge fuskokinsa biyu da soso, ka shafa musu ifoksi, har da bakin da ka yanka. Kada a yaudare ka da kwanon rufi ko fallen ƙarfe mai zinki don yana da araha. Alminiyom kaɗai ake ɗorawa kan alminiyom.

9. Mannawa

Kafin gam, ka toshe hudojin. Ka manna salatif ta ƙarƙashin mota, ka cike su da gam ɗin daga sama, daga baya ka cire salatif ɗin ka shafe ta ƙasa. Idan aka bar huda a buɗe, ruwan titi zai shigo tsakanin daɓe da falle, ka koma gidan jiya, wannan karon ma ba ka gani.

Ka share fuskokin biyu da giyar goge-goge, ka bari ta tashi gaba ɗaya, domin ragowarta tana hana irin wannan gam ɗin kamawa. Idan gam ɗinka yana da nasa ruwan share fage, ka yi amfani da shi. Sai ka zagaye bakin fallen da layin gam guda wanda bai yanke ba ko'ina, ka ja layuka kusa da kusa a tsakiya, ka baza su da abin kankara yadda ba za a sami babban fili mara gam ba. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗigo biyar, huɗu a kusurwa ɗaya a tsakiya. Wannan ya mayar da fallen wata tabarmar roba, mai riƙe ruwa a ƙarƙashinta.

Ka ɗora, ka danna daga tsakiya zuwa gefe har gam ya ɗan fito ta ko'ina, ka shafe abin da ya fito da yatsa cikin safar hannu ya rufe bakin. Ka jera buhunan yashi a kai. Kada ka huda ka sa ribit ko sukuru don ƙarin ƙarfi, babu buƙata, kuma kowace huda hanyar ruwa ce. Silikon ɗin banɗaki mai warin tsami ma kada ya kusanci wurin, tsamin nan yana cin ƙarfe.

Gam ɗin gilashi da danshin iska yake bushewa, daga baki zuwa ciki. Ka ba shi aƙalla awa 24 kafin ka ɗauke yashin, kwana biyu zuwa uku kafin a taka. A busasshen yanayi irin hunturunmu yakan ɗauki fiye da haka, sai a ajiye bokitin ruwa a cikin motar a ja ƙofa.

Batun walda kuwa, na san hannun fanalbita can yake fara zuwa idan ya ga huda. A motar ƙarfe daidai ne: a yanke ruɓaɓɓen wuri, a yi waldar sabo. A Elise zafin zai kashe gam ɗin da ke riƙe shasin, ya kuma raunana alminiyom ɗin da ke kewaye. Ga shi alminiyom ba ya yin ja ya gargaɗe ka, yana kaiwa digiri 660 sai kawai ka ga ya zube. Lotus ba ta yarda da yi wa shasin nan walda ko miƙe shi ba, idan ya lalace sauya shi ake yi ɗungurungum.

10. Toshe hanyar ruwa

Kafin ka mayar da kujeru, ka sa rufin, ka zauna ciki da tocila, wani ya zuba ruwa a hankali daga sama. Ka duba saman gilasan ƙofa, kusurwar gilashin gaba, da robobin ƙofa. Robar da ta taurare a sauya ta. Idan ruwan da kake samu a daɓe yana da launi da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ba na sama ba ne, na lagireto ne. A motar nan lagireto na gaba, inji na baya, bututan ruwan suna bi ta cikin gefunan shasi, sai a bincika su da na'urar ɗumama ciki.

11. Mayar da kaya

Ka shafa wa zaren notuna man raba ƙarfe da alminiyom, irin Duralac. Idan babu, girisi mara jan ƙarfe a ciki. Man hana kamewa mai launin tagulla bai dace da alminiyom ba. Notunan kujera da na bel a ɗaure su da sifana mai awo, daidai adadin da littafin motar ya faɗa.

Tabarma kuma, ka sa kafet mara roba a bayansa, wanda za ka iya ɗagawa da hannu ɗaya. Kada a manna shi da gam. A riƙe shi da maɓalli ko maƙale-mata, musamman na gefen direba, don kada ya zame ya shige ƙarƙashin birki. Duk ranar da aka sha ruwa ko aka wanke motar, a fitar da shi ya sha iska. Sau biyu a shekara, kafin sanyi da bayansa, a goge daɓen a fesa masa siririn man kariya irin ACF-50. Wannan sai bayan fenti da gam sun gama bushewa, domin babu abin da ke kamawa a kan mai.

Ga mai shirin saye

Idan irin motar nan za ka saya, ko kai tsaye daga Turai ko ta hannun dillali, ka ce a ɗaga tabarma a ɗauko maka hoton daɓen da haske ta gefe, da wani hoton ta ƙarƙashi. Ganin falle a manne ba aibi ba ne, yawancin tsofaffin sun sha wannan gyaran. Ka duba bakinsa ko a rufe yake ruf, ka ƙwanƙwasa da yatsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Inda gam ya kama, sautin a toshe yake. Inda ya yi ƙarar fanko akwai fili a ƙasa, idan kuma farin gari na leƙowa ta gefen fallen, sai ka sa kuɗin ɓamɓare shi da sake aikin daga lamba 3 a cikin cinikinka.